Badamasi da Motar da Ba Ta Ƙoshi da Ruwa

Duk wanda ya taɓa fitowa da buhun tattasai ko na shinkafa daga fadama zuwa kasuwar Haɗeja ya san Badamasi Mai Nagge. In ma bai san shi ba, ya san motarsa. A-kori-kura ce tsohuwa, wadda dattawan tasha suka ce a ƙuruciyarta fara ce. Ni dai ban riske ta da wannan launin ba. Ƙofar direba da igiya ake ɗaure ta, ta fasinja kuma ba ta buɗuwa sai daga waje, saboda haka duk wanda ya shiga gaba ba ya fita sai da yardar Badamasi.

Asalinsu Fulani ne. Kakansa ya zo da garke, mahaifinsa ya gaji rabin garken ya haɗa da noman shinkafa, shi kuwa Badamasi da ya tashi bai tarar da komai ba sai sanda da labarin shanu. Ya yi noma, ya yi dakon kifi, ya tura kurar ruwa, daga baya ya koyi tuƙi a wajen wani ɗan Jahun. Ranar da ya sayi motar nan, bayan shekara goma sha ɗaya yana tuƙa ta wasu, ya zagaya ta sau uku yana shafa ta, ya ce, "To, garken gidanmu ya dawo." Ya sa mata suna Nagge, wato saniya. Haka kuma yake kiwonta. In ya zo bakin kogi sai ya tsaya ya ɗebo ruwa da bokiti ya ɗura mata a lagireto, yana yi mata magana a hankali. Ba ya zaginta ko ta mutu a tsakiyar hanya. Ya ce dabba in ka zage ta tana riƙewa.

Matarsa Bara'atu ce, mai sana'ar soya kifi a ƙofar gida, mace mai saurin dariya da saurin magana. 'Ya'yansu biyar, duk sun tasa. Ni maƙwabcinsu ne, katanga ɗaya ce tsakaninmu, shi ya sa abin da zan faɗa wani na gani da idona, wani na ji ta saman katanga.

Shekarar da ruwa ya yi yawa har ya shiga ƙauyukan bakin kogi, ɗakin mahaifin Bara'atu ya zube. Sunansa Malam Abdulmannan, tsoho ne dogo mai ƙarancin magana, wanda ya ƙare ƙarfinsa a aikin injin ban-ruwa a gonakin alkama har gwiwoyinsa suka gaji. Badamasi da kansa ya je ya ɗauko shi, ya ba shi ɗakin zaure. Tun daga ranar Badamasi ya koma baƙo a gidansa. Da asuba zai durƙusa daga bakin ƙofa ya ce, "Baba, an tashi lafiya?" ya fice yana kallon ƙasa. Bai taɓa cin abinci inda surukinsa zai gan shi ba. Ko tari ne ya zo masa, sai ya fita waje ya yi.

Bayan kamar wata guda da zuwan tsohon, Nagge ta fara shan ruwa.

Da can bokiti ɗaya yana kai ta mako. Yanzu sai ya cika ta da safe, kafin ya kai Kaugama ta fara huci. Agogon zafin da ke gaban direba ya mutu tun zamanin mai ita na farko, saboda haka Badamasi da ƙafarsa yake gane zafi. In ya ji silifas ɗinsa ya fara laushi, sai ya gangara gefen hanya. Ya fara tafiya da jarka biyu, ya koma huɗu, har ta kai wurin buhu uku na kaya jarkoki ne suka cinye shi. Ya san kowane kududdufi da kowace rijiya daga Haɗeja zuwa Jahun. Masu kaya suka fara tsokanarsa, wai in ka ba Badamasi ɗanyen tattasai, busasshe zai kai maka.

Magani kuwa, kowa a tasha likita ne. Wani ya ce sabulu, ya sa sabulu. Wani ya ce garin taba, ya sa. Abokinsa Safiyanu, dillalin tattasai, wanda bai taɓa riƙe sitiyari ba a rayuwarsa amma ba abin da bai sani ba, ya ce masa, "Kai Badamasi, kana zaune a garin barkono kana neman magani? Dakakken barkono cokali uku a lagireto, duk wata ƙaramar ɓula zai toshe ta. Direbobin kudu haka suke yi."

Badamasi ya ce, "Cokali uku ga ƙaramar mota ke nan. Nagge babba ce." Ya zuba gwangwani guda.

Wani mai shayi kuma ya ce ɗanyen ƙwai ya fi, domin in ya dahu a ciki sai ya liƙe ramin. Badamasi ya ɗauki ƙwan zabi huɗu a kwandon Bara'atu ya fasa a ciki. Da ta gani ta riƙe haɓa.

"Malam, barkono, ƙwai, ga ruwa a wuta. Ka dakata in kawo maka daddawa da albasa mana, mu huta da girkin rana."

"Ke ba ki san aikin mota ba," in ji shi.

"Na dai san miya," ta ce.

Ranar kasuwar Kaugama aka ga sakamako. Ya ɗauko buhunan shinkafa, Safiyanu yana gaba. Suna shiga bakin kasuwa, daidai layin masu kayan miya, Nagge ta yi wani irin tsaki ta tsaya, tururi yana fita ta ƙarƙashin bonet. Badamasi ya kwance igiyar ƙofarsa ya fito. Da ya bari ta huce da ba a ji kansu ba, amma masu babur suna ta yi masa ham a baya. Ya naɗe hannu da tsumma ya murɗa murfin lagireto.

Murfin ya yi sama kamar an harba shi. Allah ya taimake shi ya kauce, gefen hannunsa kawai ruwan ya lasa. Amma tururin ya bi iska ya shiga kasuwa, tururin gwangwanin barkonon Haɗeja da ya yi tafiyar awa guda yana tafasa. Mai tumatir ya fara atishawa, mai albasa ya karɓa, mai kuɓewa ta ɗauka. Kafin ka ce kwabo layin gaba ɗaya ya rikice, wannan yana hawaye, wancan yana salati, wani jaki da aka ɗaure a gindin darbejiya ya tsinke igiya ya bi ta cikin masu tukwane. Shi kuwa Safiyanu yana cikin mota, iska ta cika gidan gaba da tururi, ƙofarsa ba ta buɗuwa ta ciki. Yana dukan gilashi yana kiran, "Badamasi! Don girman Allah! Badamasi!" Badamasi kuwa ya bi murfinsa, yana nema a cikin tiren wata mai gyaɗa.

Da aka fito da Safiyanu, idanunsa kamar gauta ja, abin da ya fara cewa shi ne, "Cokali uku na ce maka."

Washegari Badamasi ya kai ta garejin Gana. Ya daɗe yana gudun zuwa, ba don komai ba sai don bakin Gana. Babarbare ne, gajere mai furfura, ya fi shekara talatin yana gyaran manyan motoci a bayan tasha, kuma tsakanin Barebari da Fulani kowa ya san wasan da ke akwai.

"A'a, ga bawana ya kawo saniyarsa," in ji Gana. "Me ta ci?"

"Ba ci ba ne, sha ne. Kuma ni ne ubangidanka."

Gana bai taɓa motar ba sai da ta yi sanyi sarai. Ya ga ƙunar hannun Badamasi, ya ce wanda ya buɗe lagireto yana tafasa ko dai jahili ne ko Bafulatani. Sannan ya fara bi daki-daki, yana yi yana faɗa, don shi ba ya aiki da baki a rufe. Ya zaro ƙarfen auna baƙin mai ya duba a rana.

"Baƙi ne ƙirin. Da ruwa yana shiga cikinsa da ka gan shi kamar shayi mai madara. To ba nan yake zuwa ba."

Ya sa Badamasi ya tayar da ita, ya zagaya baya ya tara tafin hannunsa a bakin salansa, ya shinshina.

"Babu farin hayaƙi, babu laima. Injin ba ya shan ruwan. Ka gode wa Allah, gasket ɗinka lafiya."

Ya leƙa bakin lagireto tana aiki, ya ce in iska tana kutsowa daga cikin injin za a ga kumfa tana tasowa. Kumfa ba ta taso ba. Wani abu fari ne ya taso, ya juya, ya nutse. Gana ya sa waya ya kamo shi, ya ɗaga, ya daɗe yana kallo.

"Badamasi, wannan ƙwai ne?"

"Na zabi."

"To ai shi ke nan, tunda na zabi ne."

Ya danna fanbel da babban yatsa, ya ce ya ɗan saki amma ba shi ne mai laifi ba. Ya matsa tiyo na sama da na ƙasa, ya girgiza famfon ruwa ya ji ko yana wasa. Ya duba robar murfi ya ce ta mutu tun bara, a sake. Daga nan ya haska fitila ta bayan lagireto ya ce wa Badamasi ya leƙa ta gaba.

"Kana ganin haske?"

"Ba na gani."

"To iska ma ba ta gani. Audugar ciyawar kachala ce da ƙaiƙayin shinkafa da taɓo suka yi mata bargo. A ciki kuma ruwan kogin da kake ɗura mata ya tara laka, ka zo ka ƙara da kayan miya. Ko kai aka yi wa haka sai ka yi zazzaɓi."

Aka sauke lagireto aka wanke ciki da waje. Abin da ya fito, Gana ya ce a shuka masara a kai. Aka ɗaure fanbel, aka sa sabon murfi, aka cika da ruwan famfo mai tsabta. Nagge ta tashi da wata murya da Badamasi ya ce rabonsa da jin ta tun auren babbar 'yarsa.

Kwana biyu lafiya. A rana ta uku, kafin Kaugama, silifas ya fara laushi.

Wannan karon Gana bai yi wasa ba, domin abin ya taɓa sunansa. Ya shimfiɗa buhu ya shige ƙarƙashin motar, ya daɗe a can har Badamasi ya zaci barci ya ɗauke shi. Can sai ya ce, "Zo ka gani."

A gindin lagireto akwai wani ɗan famfo mai kunne biyu, wanda ake murɗawa in za a zubar da ruwa. Ranar wanki Gana ta tiyo ya zubar, bai kula da shi ba. Duk ƙarƙashin motar ya yi baƙi da maiƙo da ƙasa, amma kunnuwan famfon nan suna ƙyalli kamar cokalin amarya.

"Hannu ne yake goge wannan," in ji Gana. "Kullum ana murɗa shi. Kuma mai murɗawar ba ya iya ɗaure shi tamau. In tana tsaye ɗigo ne kaɗan-kaɗan, in ta ɗau zafi tana girgiza a hanya sai ya riƙa tsiyaya. Kai kake taɓawa?"

"Ban ma san da shi ba."

Gana ya shafa famfon ya kai yatsa hanci. Ya sake shinshinawa.

"Man zafi. Wa yake shafa man zafi a gidanka?"

Badamasi ya fito daga ƙarƙashin motar ya zauna a ƙasa, ya cire hula ya mayar.

Da la'asar ya dawo gida kamar kullum, ya ajiye motar a inda ya saba, bakin kwata kusa da zaure, wurin da ƙasa ba ta bushewa saboda alwala, shi ya sa bai taɓa lura da ɗigo ba. Maimakon ya shiga gida sai ya shigo nawa zauren, ya ce in ba shi aron tagata. Muka leƙa tare. Da aka jima kaɗan, motar ta ɗan huce, sai ga Malam Abdulmannan ya fito da buta da ƙaramar roba. Ya taɓa bonet da bayan hannu kamar mai duba goshin yaro. Ya durƙusa da ƙyar, ya miƙa hannu ba tare da ya duba ba, ya murɗa famfon, ya tara robarsa ta cika, ya mayar da famfon iya ƙarfin yatsunsa. Ya koma kan tabarma ya naɗe wando, ya tsoma tsumma yana gasa gwiwoyinsa, fuskarsa cike da jin daɗi.

Na ce, "To ga ɓarawon ruwanka. Sai ka yi masa magana."

Badamasi ya dube ni kamar na ce ya mari liman. "Ni? In ce masa me? Baba, daina taɓa mini mota?"

Ya tura Bara'atu. Ta yi dariya har ta zauna a kan turmi, sannan ta ce ita ma ba za ta iya ba, amma za ta dafa masa ruwa a tukunya kullum la'asar. Ta dafa ta kai. Tsohon ya gwada kwana ɗaya ya ce mata, "Allah ya yi miki albarka, amma na motar ya fi ratsa ƙashi. Ballantana na kwanakin baya. Akwai wani mako da ruwan ya yi wani irin yaji mai daɗi, har na yi sallah a tsaye. Yanzu ya salamce. Ko mijinki ya canja inda yake ɗiba ne?"

Bara'atu ta ce za ta tambaya. Ta fito tsakar gida ta cusa mayafi a baki.

Gana ya ce abin mai sauƙi ne, ya cire famfon ya sa noti wanda sai da sifana. Da la'asar tsohon ya lalaba ya ji babu kunnuwa. Ya koma kan tabarmarsa. Washegari da asuba, Badamasi ya durƙusa gaisuwa, sai ya ji an ce, "Malam Badamasi."

Wata biyu ke nan bai ji surukinsa ya kira sunansa ba. "Na'am, Baba."

"Ko kana da sifana mai lamba goma sha huɗu? Na ga famfon motarka ya lalace an sa noti. In ba ka da ita kada ka damu."

Badamasi yana kallon ƙasa ya ce, "Akwai, Baba." Ya je ya ɗauko a akwatin mota, ya miƙa da hannu biyu.

Gana da ya ji wannan sai da ya ajiye guduma ya yi dariya har da tari. Ya ce shekara talatin yana gyaran mota bai taɓa gamuwa da ciwon da kunya ce sanadinsa ba. Amma shi ya kawo dabarar ƙarshe. Ya samo wata tsohuwar garwar ƙarfe mai murfi, ya yi mata mazauni a gefen injin inda zafi yake bugawa, ya sa mata ɗan famfo mai laushin murɗawa, ya kuma canja notin lagireto da mai wata lamba da babu irinta a akwatin Badamasi. Kullum da safe Bara'atu tana cika garwar, ta jefa barkono ɗan kaɗan. Ruwan ya je Kaugama ko Jahun ya dawo da ɗumi.

Saura wanda zai gaya wa tsohon. Gana ya wanke hannu ya zo da kansa, ya zauna a zaure suka gaisa. Ya ce masa ruwan lagireto yana ɗauke da tsatsa da dattin ƙarfe, bai kamaci fatar mutum ba, ga wanda aka keɓe masa. Malam Abdulmannan ya fito ya duba aikin, ya ƙwanƙwasa garwar, ya yaba walda. Sannan ya ce, "Ai na san famfon can ba ya ɗauruwa. Zarensa ya cinye. Tun ranar farko na so in gaya masa."

Gana ya ce, "To me ya hana, Baba?"

"Surukina ne," in ji tsohon. "Ina zan fara?"

Daga ranar Nagge ta koma bokiti ɗaya a mako, jarkoki suka sauka, masu kaya suka dawo. Badamasi ya daina ba ta ruwan kogi, ko da yake ya ce yana jin nauyinta duk lokacin da suka wuce gada bai tsaya ba.

Da ruwa ya janye aka gyara ɗakin tsohon, Badamasi ya mayar da shi ƙauye. Bara'atu ta ce tafiyar awa ɗaya da rabi suka yi su uku a gaba, ita a tsakiya, ba wanda ya ce uffan sai ita. Da suka isa, 'yan ƙauyen suka fito tarya, suka ga Malam Abdulmannan ya sauko ba sanda. Aka tambaye shi wane asibiti aka kai shi. Ya nuna motar da haɓa.

Yanzu duk ranar Laraba, in Badamasi ya je ɗaukar shinkafa a ƙauyen, yakan tarar da tsofaffi biyar ko shida a gindin tsamiya, kowa da robarsa. Yakan kashe mota ya buɗe bonet, ya gaishe su ɗaya bayan ɗaya, ya koma can nesa wajen masu awo ya juya baya har su gama ɗiban ruwan garwar.